Faten achan da Umma ta cinye tas a wurin gyaran jiki

Yayata ce ta kafe sai mun kai Umma wani wurin shaƙatawa da aka buɗe a bayan gari, irin wuraren nan da ake zuwa a yi wa mutum tausa, ya shiga ɗakin sirace, mata a yi musu gyaran jiki, mai hali ya kama ɗaki ya kwana, su dai masu wurin spa suke ce masa. Tunda hunturu ya shigo gwiwoyin Umma da bayanta suka hana ta sakat, wani lokacin sallah ma sai a zaune, shi ne Yaya tace ko ba komai ta ɗan fita daga gida ta sha iska a mammatsa mata jiki. Ba zan kama sunan wurin ba, don akwai abin da suka yi da ya shiga raina sosai akwai kuma wanda ya ɓata min rai, kuma bana so a ce talla nake musu ko ɓata su nake. Tausa ce ta kai mu amma tunda muka dawo maganar abincinsu ce ke min yawo a kai.

Sai na fara gaya muku halin da muke ciki a gida sannan za ku gane dalili. Umma tana da hawan jini ga kuma suga, an ɗau shekaru, kullum cikin shan magani. Duk wanda ke da irin wannan majinyacin a gida ya san zancen tukunya biyu, a yi wa mutanen gida miyarsu da mai da dunƙule yadda suka saba, sannan a ɗebi wata 'yar tukunya a gefe a yi ta Umma, ba gishirin kirki ba mai, lami salam, a kai mata ɗaki ta ci ita kaɗai. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba wallahi, amma ina ganin yadda take juya cokali a kwano ta yi loma uku huɗu tace alhamdulillahi ta ƙoshi. Wurin biki kuwa abin ya fi ciwo, kun dai san bikin Zariya, jalof tana ƙyalli da mai, soyayyar kaza, waina da miyar taushe, alkaki da dubulan da nakiya, lemon kwalba kiret kiret, ita kuma tana zaune cikin sa'o'inta da faranti a gaba tana ɗan taɓawa don kar a ce ta ƙi cin abincin mutane. Sau da yawa sai mun dawo gida take cewa a dama mata kunu. Ga matar da a da ita ake kira in za a yi girkin suna a unguwa.

Daga Tudun Wada muka taso da hantsi. Muna isa wata ma'aikaciya ta zaunar da mu tana tambayar ko akwai mai wata larura, da muka faɗa mata ta ɗauko abin awo ta auna jinin Umma, sannan tace tausa dai za a yi mata amma ɗakin sirace kam a'a sai in likitanta ne ya yarda. Dalilinta shi ne zafin ɗakin yana buɗe jijiyoyin jini ga zufa da mutum zai yi ta yi, to wanda ke shan maganin hawan jini jininsa na iya sauka farat ɗaya jiri ya kwashe shi, mai suga ma ba a so ruwan jikinsa ya ƙare haka. Ta kuma ce gara a yi tausar kafin a ci abinci mai nauyi. Nan na fara sakin jiki da su don na ga ba kuɗin kawai suke hange ba.

Gyaran jikin kansa ba wani baƙon abu bane a wurinmu, dilka ce da halawa da turaren tsuguno, abubuwan da suka zo mana daga Sudan ta wajen matan Maiduguri kuma yau ba unguwar da za ki shiga a Zariya ki rasa mai yi wa amare. Bambancin kawai tsafta da natsuwa da farin tawul. Ni abin da na taɓa sani mai kama da wurin shi ne ruwan Wikki na Yankari da aka kai mu muna makaranta, wanda ɗuminsa ke nan wajen digiri 31 rani da damina, shi kam ikon Allah ne daga ƙasa yake fitowa, nan kuwa janareta da sola ne ke aikin. Umma ta fito daga ɗakin tausa tana sa wa yarinyar da ta yi mata albarka, tace rabon da a taɓa mata baya haka tun wankan jegon autarmu. Muka yi azahar sannan muka nufi ɗakin cin abinci.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ba talabijin, ba kiɗa mai ƙara, ba mai kwala kiran oda daga wancan bango, tagogi manya a buɗe suna kallon wasu bishiyoyin mangwaro da darbejiya, tebura kuma an ba su tazara ta yadda ba za ki ji hirar maƙwabta ba. Ta gefe guda an sa asabari an ware wa mata, can muka zauna, kuma mata ne ke hidima a wajen. Wannan ya min daɗi ƙwarai don macen da ta fito daga gyaran jiki tana ƙamshin turare ba za ta so ta ratsa tsakiyar maza ba. Yaya da ta taɓa zuwa irin wurin a Turkiyya tace a wasu wuraren can da rigar wanka ma mutane ke zama cin abinci, Umma tace Allah ya kyauta, mu dai a bar mu da hijabinmu. Kafin mu ce komai aka ajiye mana jug na ruwa an yanka kokwamba da lemon tsami da ganyen na'a-na'a a ciki, ba sanyi ƙarara ba, daidai sha.

Takardar jerin abincin gaba ɗaya da Turanci aka rubuta ta, wannan shi ne abu na farko da bai min ba, a garin Zariya, kuma rabin abin da ke ciki abincinmu ne na gado. Umma ta karɓa ta juya ta miƙo min tace ke duba mana. Allah ya taimaka yarinyar da ke hidima mai hankali ce, ta rusuna tace Hajiya bari in gaya miki abin da muke da shi, ta shiga lissafo mata da Hausa tiryan tiryan, kwaɗon zogale, faten acha, gasasshiyar karfasa, farfesun kaza, dafaffen wake da alayyahu, zoɓo, kunun aya, shayin citta, sai kuma na Turawa irin su salak da man zaitun da wata taliya. Tace duk wanda aka sa wa ɗan koren ganye a gefe to an rage masa gishiri kuma ba sukari. Umma na jin fate tace shi za a kawo mata, ai kun san mu Zage-zagi da fate, duk tsiyar da Kanawa za su mana ba za mu bari ba. Ni na ce kifi, Yaya ta ce farfesu, muka ce a haɗo mana kwaɗo mu ci tare.

Sai dai an daɗe ba a kawo ba, don ashe sai an yi oda suke ɗora tukunya. Ga mai lafiya wannan ba komai bane, alama ce ma ta sabon girki, amma mai suga da ya sha magani tun safe in lokacin cin abincinsa ya wuce sugan na iya faɗuwa, na ga Umma ta fara shafa goshi tana cewa ba komai. Yaya dama ba ta rabo da dabino a jaka ta ba ta, ni kuma na tashi na je na yi musu magana, nan da nan suka ba da haƙuri suka fara kawo kwaɗon. Wurin da ya san ya auna jinin mutum a bakin ƙofa ya kamata ya san wannan ma, ko gyaɗa ce a ajiye a tebur ko a gaya wa mutum tun farko cewa zai jira.

Kwaɗon nan da ya iso na daɗe ina kallonsa kafin in sa cokali. Zogalen kore shar, ba irin wanda ake dafawa da kanwa har ya yi baƙi ya narke ba, ganyen na nan da jikinsa amma ya yi laushi kuma ba ɗaci. Ƙuli-ƙulin ba a daka shi ya zama gari lis ba, an bar shi da ɗan tsaki tsaki yadda za ki ji shi a haƙori, ga jar albasa an yanka siriri, tumatir mai tauri, ɗan attaruhu, an barbaɗa soyayyen riɗi a sama an matsa lemon tsami. Man da ke ciki bai fi a ce an ɗiga ba, da muka cinye farantin bai yi naso ba. Na saba da na leda da muke saya a bakin titi wanda ni ma ina so, amma shi mai da dunƙule ne ke fara miki sallama, wannan kuwa zogalen kansa na ji.

Sai ga faten Umma a wani kwanon ƙasa mai murfi. Ana buɗewa ƙamshin daddawa da busasshen kifi ya bugo mu. Bai yi ruwa tsululu ba bai kuma yi kauri kamar tuwo ba, achan ya nuna ya yi luƙwi amma ƙwayoyinsa ba su ɓace ba, yakuwa da alayyahu sun sha kansa, ga gauta an yayyanka, ga lawashi, ga dakakkiyar gyaɗa da ta ba shi wannan farin kaurin. Umma ta yi bismillah ta kai cokali ɗaya, ta tsaya, ta ƙara, sannan ta ɗago tace min ke 'yar nan ɗanɗana ki ji, anya ba su yi kuskure sun kawo min na masu lafiya ba? Na ɗanɗana. Gishirin can ƙasa yake da ƙyar za ki ji shi, amma bakinki ba zai neme shi ba saboda tsamin yakuwa ya riga ya cika wurin, ga citta da tafarnuwa na bin baya, ga kifin ya saki jikinsa a ciki. Aka kira yarinyar ta tabbatar mana na masu koren ganye ne.

Ni da Yaya muka bar namu abincin muna satar kallonta. Ba ta ce uffan ba har ta kai ƙarshe, ta karkata kwanon ta kankare gefe da gefe da cokali, ta sha ruwa, ta yi hamdala da ƙarfi. Wallahi sai da na juya fuska wajen taga don hawaye ne suka taho min, na manta rabon da in ga mahaifiyata ta cinye abinci don yana mata daɗi ba don ta samu abin shan magani ba.

Kifina ma ya yi daɗi, an gasa shi da citta da masoro da lemon tsami ba a soya ba, sai dai ɗan ƙarami ne ƙwarai, namiji mai aikin ƙarfi ba zai san ya ci wani abu ba. Farfesun Yaya kuma an cire fatar kazar an kwashe man da ke tasowa a sama.

Umma ce ta ce lallai sai an kira mata wadda ta yi girkin. Ta fito da hularta ta kicin, wata mata ce mai ɗan shekaru 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas, ta durƙusa tace Mama sannu da hutawa. Umma tace baiwar Allah me kika sa a faten nan? Ta yi dariya tace Mama ai abin da ban sa ba ya fi yawa. Tace su da acha aka yaye su, a wajensu da Filato shi ne abincin gida, kuma duk wahalarsa wanki ne, don ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai tana haɗuwa da yashi, sai an rege shi da ƙwarya biyu a hankali ana sake ruwa har sai an daina jin ƙasa a gindin ƙwaryar, in aka yi gaggawa to an ɓata tukunya gaba ɗaya. Nuna kuwa 'yan mintoci ne shi ya sa a ƙarshe take zuba shi. Romon kuma tun safe take dafa busasshen kifi da albasa mai yawa da daddawa da citta da tafarnuwa a wuta kaɗan kaɗan har ya kama jikinsa, shi ne ke tsaya mata a madadin dunƙule. Gishiri da cokalin shayi take aunawa ba da hannu ba, kuma sai ta sauke take sawa, ganye ma sai a ƙarshe don kar ya mutu. Ta ƙara da cewa duk abincin da aka rage wa gishiri to a nema masa tsami, ko yakuwa ko tsamiya ko lemon tsami, harshe sai ya lafa.

Umma tana ta gyaɗa kai, daga baya tace ai haka iyayenmu ke yi. Ta shiga ba mu labarin gidansu a cikin gari wajen Ƙofar Kuyambana, yadda kakarmu ke yin faten tsaki da rama da yakuwa da daddawar kalwa da ɗan man shanu a sama, ba wanda ya san wani dunƙule, kuma almajirai har layi suke a ƙofar gida. Tace mu ne muka zo muka mai da girki gasar mai da kayan ɗanɗano har ta kai in mace ba ta jefa biyar shida a tukunya ba sai a ce ba ta iya miya ba.

Kuma maganarta na kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai ma cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin burodi da taliyar yara da komai da komai. Dunƙulen nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne, to ki lissafa nawa muke jefawa sannan mu kawo gishirin kansa mu ƙara. Sukari kuma suka ce kar ya wuce wajen giram 50 a yini, cokalin shayi 12 kenan, in ma an tsaya a 6 ya fi, alhali kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali 9. Mu kuma a biki biyu ake tura wa baƙo a leda don karamci.

Zoɓonsu ma sai da na tambaya. Iri biyu ne, akwai wanda aka sa wa dabino akwai wanda ba a sa komai ba sai ɓawon abarba da citta da kanumfari, matar tace Mama ta sha na biyun don dabino ma zaƙi ne, kar a ruɗe ta da cewa ai ba sukari bane. Na ji daɗin wannan gaskiyar. Shi zoɓo an yi bincike an ga yana ɗan taimakawa wurin sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani kuma mai shan magani gara ya gaya wa likitansa in zai riƙa sha kullum. Abin da ke ban mamaki shi ne zoɓon nan da muke rainawa, tirela tirela ake kwasarsa daga Jigawa da Kano ana fita da shi har Meziko. Citta kuma tamu ce ta jihar nan, Kachiya da Jaba da Kagarko, duk da dai tun cutar da ta faɗa wa gonakin a 2023 tsadarta ta sa mata da yawa sun rage sawa a girki.

In kika duba duk abin da aka jera mana a teburin nan, ban da man zaitun, kusan ba wanda ya tsallako teku. Tumatir da albasa da alayyahu ga su nan a fadamun Galma da wajen Hunƙuyi da Kudan, lokacin kakarsu har zubarwa ake don ba mai saya. Zogale kusan kowane gida da bishiyarsa a bayan ɗaki. A garin nan ne fa ake da cibiyar binciken noma ta Samaru da ta faro tun 1922, ga ta dabbobi a Shika wadda ta fitar da kazar nan Shika Brown, ga jami'a da aka kafa tun 1962 wadda ke yaye likitoci da masana abinci. Amma a ce sai mun ɗauki tsohuwa mun fita bayan gari mun biya kuɗi mai yawa kafin ta samu abincin da zai yi mata daɗi kuma ba zai cutar da ita ba.

Don kuɗin kam ba wasa ba. Da aka kawo rasit sai da Yaya ta sake dubawa, kuɗin kwanon faten nan ɗaya zai yi mana cefanen yini guda a gida har da canji. Bayan haka sai ga harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari wanda dama haka doka ta mai da shi tun 2020, sai kuma wani kashi 10 na hidima, kuma duk ba a rubuta a takardar abincin cewa za a ɗora su ba. Wannan ne ya fi ɓata min rai, ba biyan ba, rashin faɗar tun farko, mutum ya yi lissafinsa daidai aljihunsa sannan a zo a ba shi kunya gaban iyalinsa. Na tambayi yarinyar a hankali ko kuɗin hidimar nan yana isowa hannunsu, ta yi murmushi kawai ta sunkuyar da kai, shi ya sa muka damƙa mata nata daban ita da mai girkin. Wurin sallar mata ma wani ɗan lungu ne da bai fi mutum biyu ba, wurin da aka kashe wa dukiya haka bai kamata a tsuke nan ba.

A mota muka yi ta muhawara da Yaya. Ita a ganinta ba fate muka saya ba, natsuwa muka saya da tsafta da hidima, ga dizal ga albashin ma'aikata ga gyaran wuri, dole abu ya yi tsada. Ban musa mata ba kuma bana ganin laifin wanda ya zuba jarinsa ya nemi riba. Abin da ke cina shi ne waɗanda suka fi buƙatar irin wannan girkin ba su ne ke zuwa wurin ba. Ki je asibitin koyarwa na Shika ranar ganin likitan masu suga da hawan jini ki ga iyayenmu cike da benci tun asuba, daga Giwa daga Soba daga Maƙarfi daga cikin gari, kowa za a ce masa ya rage gishiri ya rage mai ya bar zaƙi, ya dawo gida a ɗora masa tukunyar lami, ya yi sati biyu yana daurewa ya gaji ya koma cin na kowa, jini ya sake hawa. Ba taurin kai bane, abinci mara daɗi ba mai iya dawwama a kansa. An gaya mana abin da za mu cire amma ba wanda ya zauna ya koya mana abin da za mu sa a madadinsa, kuma abin nan bai fi ƙarfin kowace mace mai murhu ba, daddawa ce da albasa da kifi da yakuwa da haƙurin tsayawa a kan tukunya.

Tunda muka dawo na soke tukunya biyu a gidan. Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen matan da ke kawo kaya daga kudancin Kaduna na auno acha, ba arha gare shi ba gaskiya, shi ya sa ba kullum ba, wata rana tsakin masara wata rana na alkama, ganyen dai nake cikawa ya fi tsakin yawa. Likitan Umma ma ya ja mana kunne cewa acha shi ma hatsi ne, kar a ce don an ji ana yabonsa a cika mata kwano, awo dai shi ne magana. Romon kifin nan nake yi da yawa in sa a firij in an samu wuta, in ba wuta in yi na yini ɗaya. Satin farko yara sun yi ta mita, Abbansu ma ya nemi a miƙo masa gishiri, na ajiye masa a ɗan kofi a gefe, yanzu sai a tashi daga cin abinci ba wanda ya taɓa kofin. Umma kuma ta dawo cin abinci a tsakar gida tare da kowa.

Bayan sallah za a yi bikin autarmu, kuma da aka zauna lissafin girki na kawo shawarar a ware kula biyu manya, ɗaya faten da aka rage wa gishiri ɗaya kwaɗon zogale, da jarkar zoɓo mara sukari, a ajiye su ɓangaren iyaye. Gwaggonmu ta ce sam, wai dangin ango za su ce mun yi rowa mun tarbe su da ganye. Aka yi ta ja-in-ja har Umma ta ɗaga hannu tace jalof da kaza ba wanda ya hana, a yi su yadda aka saba, amma kula biyun nan suna nan, kuma ita da kanta za ta zauna a bakin murhu ranar ta auna gishirin. Yaya ta ɗau nauyin acha da kifi, ni kuma an bar min zogale da ƙuli-ƙuli.